Gurbin Sunan Zulaiha

Ni Hafsat, atamfa nake sayarwa a kasuwar Wadata, kuma ba abin da ya haɗa ni da kiɗa in ban da guɗa a gidan biki. Amma bazarar bara sai da na san hanyar situdiyo kamar hanyar rumfata, duk saboda Zulaiha.

Zulaiha 'yar yayata ce, Yaya Haoua, kuma ita ce 'yar fari. Wanda ya san mutanenmu na Damagaram ya san abin da hakan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Kunya ce. Matan yanzu sun sassauta, amma Yaya Haoua ta riƙe abin nan kam-kam. Ana yaye yarinyar aka miƙo mini ita ina sabuwar amarya, na taho da ita Yamai, gidanmu na Kirkissoye. Ni take kira Inna. Uwar da ta haife ta kuwa Yaya take ce mata, don abin da ta ji ina faɗa ke nan. Ita ma uwar in za ta yi maganarta sai ta ce "'yarki", ko kuma "waccan".

Kada wani ya ce ba ta son ta. Duk motar da ta taso daga Damagaram da wanda muka sani a ciki, sai an kawo ƙunshi: man shanu, alkaki, wani lokaci turmin zane. In na ce, "Ga shi, uwarki ce ta aiko miki," sai Zulaiha ta yi ɗan murmushi ta ce, "To Inna, na gode." Wallahi ban taɓa yi mata ƙarya a kan wannan ba. Amma tun tana 'yar mitsitsiya ta yanke a ranta cewa ni nake saye ina laƙa wa uwarta, kuma ba rantsuwar da ban yi ba.

Zulaiha ta tashi mawaƙiya, irin waƙar da take yi wai sol sunanta. Ranar da ta fara rera mini na ce, "Ke, wannan ai kuka ne aka sa masa gitar." Ta yi dariya har da riƙe ciki. Amma in faɗi gaskiya, yarinyar nan in ta jawo murya daga can ƙasan ƙirji ta sake ta a hankali, sai ka ji tsikar jikinka ta tashi ko ba ka so. Ta yi shekaru tana rera waƙoƙin mutane a gidajen abinci na cikin gari kafin ta ce za ta fitar da albam nata na kanta, na farko. Na ce ba inda za ta shiga ɗaki a rufe da maza ban zauna a wurin ba. Shi ya sa na riƙa barin rumfa a hannun maƙwabciyata ina bin ta.

Situdiyon yana Dar es Salam, ɗaki ne a bayan gidan uban mai shi. An raba shi biyu da gilashi, an lulluɓe bangon da katifu da kwalin ƙwai. Can ciki mai waƙa ke tsayawa gaban mikro, nan waje kuma Abdulrazak ke zama gaban ordinatarsa, wato kwamfuta. Shi ne mai wurin, magidanci ne mai 'ya'ya biyu, amma ladabinsa har ya yi yawa: in zai gaishe ni sai ya kai gwiwa ƙasa, kuma bai taɓa kallon tsakiyar idona ba. Sai Harouna mai gitar, wani dogon Bazabarme da ba ya cewa komai sai "a sake". Da an fara ɗauka dole a kashe bantilata, fanka ke nan, wai mikro na kama ƙararta. A watan Afrilu fa! Zulaiha ta fito daga ɗakin nan kamar an tsamo ta daga kogi, ta sha ruwa, ta koma. Wata rana ana tsakiyar waƙa kuran, wato wutar lantarki, ya tafi, a zauna a ƙofa ana fifita har ya dawo. Wata rana kukan jakin maƙwabta ya ɓata musu ɗaukar da ta fi kyau. Baiti guda sai ta maimaita shi har in haddace shi ina ƙin sa.

Haka aka yi ta fama har waƙoƙi suka kammala, saura ɗaya. Kullum Abdulrazak ya ce wa Zulaiha, "Madam, ta ƙarshen fa?" sai ta ce a bari tukuna.

Ana cikin haka aka kawo Yaya Haoua daga Damagaram ba lafiya. Muryarta ta daɗe da dishewa, an sha jiƙe-jiƙe an gaji. A asibiti aka ce ƙari ne a maƙogwaro, kuma ya yi nisa. Likita bai ɓoye mana ba: sai an cire wurin da murya ke fita gaba ɗaya, in Allah ya sa ta tashi za ta rayu, amma magana ta ƙare. Aka sa ranar operasiyo, wato aikin tiyata. Da muka dawo gida Yaya ce ma ta tambaye ni ko na jiƙa gero.

Washegari da hantsi ina tankaɗe Zulaiha ta zo ta tsuguna kusa da ni.

"Inna, waƙar da ta rage, Yaya nake so ta rera."

"Wace waƙa?"

"Ta barci."

Na san ta. Waƙar uwarmu ce, da ita aka yi renonmu. Ana sa sunan yaron a farkon baiti:

Kwanta, Mu'azu, inuwa ta zo ƙofa,
Awaki sun shigo an ɗaure,
Ni ma ina nan, ban je ko'ina ba.

Duk hutun lakwal, in an rufe makaranta, da na kai Zulaiha Damagaram tana jin uwarta na rera wa ƙannenta ita, Mu'azu, sannan Salima, kowa da sunansa. Ita tana zaune a gefen tabarma kamar baƙuwa.

"Da sunana nake so," in ji ta. "Sau ɗaya tak, Inna. Ban taɓa jin yadda yake fita a bakinta ba. In aka yi aikin nan shi ke nan."

Na ce, "Ai na rera miki ita da sunanki har kika girma." Ta ce ta sani. Sai na ji kunyar abin da na faɗa.

Ita ba za ta iya tunkarar uwarta da maganar ba, don ko gaisuwa kanta a ƙasa take yi. Ni na shiga ɗaki na same ta. Yaya Haoua ta saurare ni har na gama, sannan ta ce da 'yar muryar da ta rage mata, "Hafsat, kin haukace? In shiga gidan kiɗa da tsufana?"

Nan fa na tashi. Ni bakina ba ya da linzami, kowa a Wadata ya sani. Na ce kunyar me ta rage, wa ya rage a ji kunyarsa? Iyayenmu sun mutu, surukanta sun mutu, mijinta ya mutu. Na ce yarinyar nan ta kusa talatin ba ta taɓa roƙon ta ko allura ba. Na ce wuƙa na jiran wuyanki, ke kina lissafin abin da matan Damagaram za su ce. Na faɗi abin da ya fi haka ma, Allah ya yafe mini. Ta juya fuska bango. Sai da la'asar ta kira ni ta ce za ta je, amma da sharaɗi: kada waccan ta kasance a ɗakin.

Da ranar ta zo muka ɗauki taksi muka haye gada, mu uku. Da muka isa Zulaiha ta zauna a kan benci a tsakar gida, ƙarƙashin dogon yaro, can nesa da ƙofa. Harouna ma aka sallame shi, tun da an riga an ɗauki gitarsa. Abdulrazak ya kai Yaya Haoua ciki, ya sa mata kujera, ya ɗora mata kaske, abin sauraren nan na kunne, a kan ɗankwali, ya fito ya rufe. Ni na shimfiɗa mayafina a ƙasa na zauna jingine da bango, ƙasan gilashin, don na san in tana ganin idona ba za ta buɗe baki ba.

Gitar ta fara. Sai ga muryar Yaya ta fito ta bafal, wato lasifika, a dishe, tana karcewa, amma waƙar na nan daram yadda uwarmu ke yin ta.

"Kwanta..." Sai ta yi shiru daidai tsawon sunan. "...inuwa ta zo ƙofa."

Ta kai ƙarshe. A baiti na biyu ma haka ta yi. Abdulrazak ya danna abin magana ya ce, "Hajiya, ya yi kyau ƙwarai. Sai dai akwai wurin da kike tsallakewa, ko za a sake?" Aka sake. Ta tsallake. Aka kuma sakewa, ta kuma tsallakewa, ga tari ya fara taso mata. Na ji kamar in fasa gilashin nan in shaƙe ta, ga tausayinta kuma ya cika ni.

Sai Abdulrazak ya rage murya ya ce mini, "Inna, bari in sa mata amshin da Madam ta yi, ko zai taimaka." Ashe Zulaiha ta riga ta rera nata, wata siririyar murya da ke bin waƙar daga baya tana amsa "ina nan, ina nan". Ya saka mata a kaske.

Yaya Haoua ba ta taɓa jin 'yarta na waƙa ba. Ko a rediyo aka sa ta, tashi take ta bar wurin. Yau ga muryar a cikin kunnenta, ba inda za ta kau da kai. Ba ta shiga waƙar ba. Sai muka ji numfashinta ya sauya, sannan kuka ya ƙwace mata, irin kukan da ban ji ta yi ba ko ranar da mijinta ya rasu.

Abdulrazak ya daburce. Ya taɓa wani abu a ordinatar, gitar ta tsaya, ya cire kaskensa ya ajiye, ya miƙe. Ya ce, "Inna, bai dace in zauna ina sauraron kukan babbar mace ba." Ya fita sumui-sumui ya ja ƙofa. Ni har na yaba masa a raina, na ce ɗan halak.

Ta gilashi ta ga fitarsa. Ni ba ta ganina, ina jin ta ma manta ina wurin. Kukan ya lafa. Ta ja majina, ta yi gyaran murya. Sai na ji, ba gitar ba komai, a hankali kamar mai tsoron tada yaro:

"Kwanta, Zulaiha, inuwa ta zo ƙofa."

Wayyo Allah. Na toshe bakina da hannu biyu. Ta ja sunan ta lanƙwasa shi a tsakiya, Zulai-ha, kamar ta saba faɗinsa kullum. Ta rera baitin har ƙarshe, har "ban je ko'ina ba", sannan ta cire kasken ta ɗora a cinya. Ina zaune a ƙasa hawaye na zuba, ina cewa alhamdu lillahi, na'ura ta kama, yarinyata ta samu.

Na fita da gudu na jawo Abdulrazak. Na ce, "Maido baya! Maido baya ka ji!" Ya duba ordinatar, ya dube ni, ya sake duba ta.

"Inna, ai na tsayar kafin in fita."

"Ka tsayar da me?"

"Da ɗauka. Ban so kukanta ya shiga ba. Mikro dai a buɗe yake, shi ya sa kika ji."

Ban san lokacin da na cakumi rigarsa ba. Na ce ya bincika, na'urar nan ba ta da wani lungu da take ajiye abu? Ya rantse babu. Na zage shi, na zagi ladabinsa, bawan Allah yana ta ba ni haƙuri bai ma san abin da ya ɓata ba. Na buɗe ƙofar ciki na durƙusa gaban Yaya na ce ta yi wa Allah ta sake, sau ɗaya, yadda ta yi yanzu. Ta dube ni, ta gane na ji. Fuskarta ta rufe nan take. Ta gyara ɗankwali ta ce, "Na gama. Mu je gida."

A tsakar gida na faɗa wa Zulaiha komai, ina haki. Ta tashi tsaye, idonta ya kawo ruwa, ta dubi Abdulrazak.

"Ka ji?"

Ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ina waje, Madam."

Ta juyo gare ni, sai ga murmushin nan nata da na tsana. "To Inna, na gode."

Na ce, "Kada ki yi mini haka! Na rantse da wanda raina ke hannunsa ta faɗa!" Na juya ga Yaya da ke tsaye a bakin ƙofa tana jiran mu. "Yaya, ki faɗa mata. Ba sai kin maimaita ba, ki ce e kawai."

Ta kalli titi. Ta ce, "Hafsat, kin fiye surutu. Ki tsayar mana da taksi."

Kwanakin da suka rage kafin aikin ba irin roƙon da ban yi ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi gaba da ita wuni guda, na dawo na yi kuka. Har portabul, wayar hannu, na kunna na ɓoye a ƙarƙashin matashinta ko za ta yi suɓutar baki, ba abin da ya ɗauka sai tari. Safiyar da za a shiga da ita ta yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya, Mu'azu da Salima da suka zo daga Damagaram kowa ta kira sunansa ta sa masa albarka. Da ta zo kan Zulaiha sai ta dube ni ta ce, "Ki riƙe 'yarki da kyau." Maganarta ta ƙarshe a duniya ke nan.

Ta tashi daga aikin. Aka bar mata 'yar ƙofa a wuya da take numfashi ta ciki, muna rufe ta da ƙyalle. In tana son abu sai ta tafa hannu ko ta nuna.

Abdulrazak ya zo har gida ya ba da haƙuri, ya kawo shawara. Ya ce muryata da ta Yaya suna kama, in na rera sunan zai mayar da shi a dishe ya dasa a gurbin, ba wanda zai gane. Na yarda nan take. Zulaiha ta ce a'a. Ta ce, "Ni zan gane. Muryar Inna ce ke kirana tun ina yaye." Ta ce a bar wurin yadda yake. Ban san maganar za ta yi mini zafi haka ba, na tashi na shiga madafa.

Haka albam ya fita da sanyin bana, waƙar barci a ƙarshe, da muryar tsohuwa a dishe da ramin shiru a kowane baiti. Abin haushi, ita mutane suka fi so. Wani ɗan jarida ya ce a rediyo wai an bar gurbin ne don kowa ya sa sunan nasa ɗan, wai basira ce. Na kusa jefa rediyon a rijiya. Zulaiha kuwa aka gayyace ta nan da can ta rera, ta je wasu, amma waccan waƙar ba ta taɓa yarda ta yi ta a gaban jama'a ba. Ta rame, ta rage dariya, situdiyon ma ba ta sake takawa ba.

Wata la'asar muna tsakar gida, Yaya na zaune a tabarma tana tsince shinkafa, sai ta tafa hannu. Ta nuna portabul ɗin Zulaiha, ta nuna kunnenta. Muka dubi juna. Zulaiha ta ɗauko 'yar bafal ɗinta ta haɗa, ta zauna can gefen tabarmar, ta ba uwarta kafaɗa, kai a ƙasa, yadda ta saba zama gabanta tun tana yarinya. Ta sa waƙar.

Gitar Harouna ta shigo. Yaya ta ajiye faifan shinkafar. Muryarta ta da ta ce "Kwanta", shirun ya zo, sai na ga leɓɓanta sun motsa. Ba sauti, ko iska ba ta fita ta nan yanzu, amma na karanta shi sarai, har da lanƙwasar nan ta tsakiya. Idonta na kan ƙeyar 'yarta.

"Zulaiha, ɗaga kanki!" na daka tsawa. "Dube ta! Dubi bakinta!"

Kafin ta juyo, Yaya ta ja mayafi ta rufe baki.

"Inna, don girman Allah ki bar ni haka," in ji Zulaiha. Muryarta ta gaji ƙwarai.

Amma ba ta mayar da kanta ƙasa ba. Ta ci gaba da kallon uwarta, ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Baiti na biyu yana tafe, dukanmu mun san inda gurbin yake. Na riƙe numfashi, ina roƙon Allah a zuci ya sa ta saki mayafin nan. Shirun ya zo. Yaya Haoua ta danne mayafin a bakinta da hannu biyu, hawaye na gangarowa a kan yatsunta, har ya wuce, har waƙar ta ƙare.

Zulaiha ta kashe bafal ɗin. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, a kawo miki kunu?"

Ta gyaɗa kai. Zulaiha ta tashi ta tafi ɗaukowa.